Me Ya Sa Cututtukan Numfashi Suka Fi Kayar Da Maza?

Ya Mai Girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman alfarmar fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin masu karatu da hukumomin lafiya a kan wani batu da ke dawo mana duk shekara idan hunturu ya kama, hazo ya lulluɓe gari, tari da mura suka shiga gida-gida. Cututtukan numfashi da ƙwayoyin bairos ke haddasawa ba sa yi wa namiji da mace kamu iri ɗaya, kuma idan ciwon ya tsananta har ya sauka cikin huhu, sau da yawa namijin da muke yi wa kallon mai ƙarfin jiki shi ne ya fi shiga haɗari. A al'adarmu kuwa, magidancin da zazzaɓi da tari suka kama ana sa ran ya yi ta maza, ya sha shayi da citta da kanumfari, ya haɗiyi ƙwayar zazzaɓi daga kemis ya fita nema, idan kuma ya kwanta yana nishi sai a ce raki ne ya yi masa yawa. Abin da likitoci suka gano a cikin shekaru ashirin da suka gabata ya isa ya sa mu sake duba wannan ɗabi'a, domin ina da yaƙinin cewa tana cikin abubuwan da ke sa a kai mazajenmu asibiti bayan lokaci ya ƙure.

Alƙaluma ne suka fara tayar da wannan tambaya. Lokacin da annobar SARS, wata cutar huhu mai tsanani dangin korona, ta ɓarke a Hong Kong a 2003, mutum 1,755 ne suka kamu, kuma da aka yi lissafi daga baya sai aka ga kashi 21.9 cikin ɗari na mazan da suka kamu sun rasu, alhali a cikin mata kashi 13.2 ne. Da korona ta ɓulla, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Sin ta fitar da bayanin mutum 44,672 a watan Fabrairun 2020, inda aka ga mutuwa ta kai kashi 2.8 a cikin maza, kashi 1.7 a cikin mata. A watan Disamban 2020 wasu masu bincike suka tattara bayanan mutum fiye da miliyan uku daga ƙasashe da dama, suka tarar cewa maza da mata suna kamuwa kusan daidai wa daida, amma yiwuwar a kwantar da namiji a sashen kulawa ta musamman ta kusa ninka ta mace sau uku, yiwuwar mutuwarsa kuma ta ɗara tata da kusan kashi 40 cikin ɗari. Wato wajen kamuwa babu wani bambanci na a-zo-a-gani. Bambancin yana fitowa ne bayan ƙwayar ta shiga jiki.

Mu ma a nan gida abin bai tsallake mu ba. Nazarin da aka yi wa bayanan hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Nijeriya, NCDC, daga 27 ga Fabrairu zuwa 6 ga Yunin 2020 ya nuna cewa kashi 65.8 cikin ɗari na waɗanda gwaji ya tabbatar sun kamu maza ne, kuma kashi 79 cikin ɗari na waɗanda suka rasu maza ne. Mutanen Kano ba za su manta watan Afrilun 2020 ba, lokacin da masu haƙar kabari suka fara kokawa da yawan gawarwakin da ake kawowa, har ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya sanar a watan Yuni cewa an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin suna da nasaba da korona. Duk wanda ya saurari sanarwar rasuwa a rediyo a waɗancan makonni ya ji yadda sunayen dattawa, malamai da 'yan kasuwa da masu sarauta, suka riƙa jerowa.

Amsar farko da za ta zo wa mai karatu ita ce yanayin rayuwa, kuma tana da gaskiyarta. Maza sun fi yawo cikin cunkoson kasuwa da tasha, sun fi shan taba (binciken da aka yi a Nijeriya a 2012 ya nuna kashi 10 cikin ɗari na manyan maza suna amfani da taba, mata kuwa kashi 1.1), ciwon zuciya yana kama su da wuri, sannan sun fi ƙin zuwa asibiti. A Saudiyya, inda cutar MERS, wata cutar numfashi dangin korona, ta ɓulla a 2012, maza sun fi kamuwa, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne su ke kiwon raƙuma da hulɗa da su. Sai dai ɓerayen ɗakin bincike ba sa shan taba, ba sa zuwa kasuwa, amma a jikinsu ma an ga wannan bambanci. A 2017 masu bincike a Jami'ar Iowa ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Stanley Perlman, sun sanya wa ɓeraye ƙwayar SARS, sai mazan suka fi mutuwa. Da suka cire wa matan ɓerayen ma'ajiyar ƙwai, ko suka ba su maganin da ke toshe aikin estrojin, wani sinadarin jinsi na mace, sai mutuwa ta ƙaru a cikinsu. Da suka fiɗiye mazan kuwa, babu abin da ya canza. Wannan gwajin ya nuna cewa, aƙalla a jikin ɓera, akwai wata kariya da estrojin ke bai wa mace.

Estrojin da furojesteron su ne manyan sinadaran jinsi na mace, testosteron kuma na namiji, ko da yake kowane jinsi yana ɗauke da ɗan kaɗan daga na ɗayan. Yawancinmu mun san su ne ta fuskar balaga da haila da ciki da fitowar gemu, amma ƙwayoyin garkuwar jiki ma suna da wuraren da waɗannan sinadarai ke maƙalewa su ba su umarni. A taƙaice, estrojin yakan zaburar da jiki ya gane baƙuwar ƙwaya da wuri kuma ya ƙera sinadaran kariya masu yawa, testosteron kuwa yakan kwantar da wasu sassa na garkuwar. Farfesa Sabra Klein ta Jami'ar Johns Hopkins, wadda ta shafe shekaru tana wannan bincike, ta wallafa wani gwaji tare da abokan aikinta a 2016: sun ɗebo ƙwayoyin jiki daga cikin hancin maza da mata, suka rene su a ɗakin bincike, suka zuba musu estrojin, sannan suka sa musu ƙwayar infuluwenza, wato mura mai tsanani da ke zuwa da zazzaɓi. A ƙwayoyin da aka ɗebo daga mata, bairos ɗin ya kasa hayayyafa yadda ya saba. A na maza kuwa estrojin bai hana shi komai ba. Kafin nan, a Jami'ar Stanford, an yi wa mata 53 da maza 34 allurar rigakafin infuluwenza, aka auna jininsu, sakamakon da aka fitar a farkon 2014 ya nuna cewa matan sun fi samar da sinadaran kariya, kuma mazan da testosteron ya fi yawa a jininsu suna cikin waɗanda jikinsu ya fi nuna rauni wajen amsa allurar. Wani binciken na 2008, wanda aka yi a kan mutum fiye da 1,000 a Amurka, ya ma nuna cewa rabin allurar da aka yi wa mata ya samar da kariya a jininsu kwatankwacin wadda cikakkiyar allura ta samar a jinin maza.

To amma sinadaran jinsi ba su kaɗai ba ne, domin tsohuwar da haila ta ɗauke mata shekara ashirin, estrojin ɗinta ya yi ƙasa ƙwarai, har yanzu ta fi tsohon da suke sa'anni tsira daga korona. Nan ne maganar gado take shigowa. A cikin kuromosom, wato zarurrukan da ke ɗauke da gado a ƙwayoyin jiki, mace tana da X guda biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya, kuma a kan X ɗin nan akwai ƙwayoyin gado masu yawa da ke tafiyar da garkuwar jiki. Ɗaya daga cikinsu, wadda ake kira TLR7, aikinta shi ne ta gane shigowar bairos irin na infuluwenza da korona, ta sa jiki ya saki wani sinadari mai suna intaferon, wanda shi ne mai gadin farko da ke hana ƙwayar bazuwa. A ƙa'ida jikin mace yana rufe X ɗaya ya bar ɗaya yana aiki, amma masu bincike a Tulus ta Faransa sun nuna a 2018 cewa a wani kaso na ƙwayoyin garkuwar mace, TLR7 na X biyun duk suna aiki. Namiji kuwa idan tasa guda ɗayar ta zo da naƙasu, ba shi da madadi, kamar mai tafiyar daji da mota ba tare da tayar canji ba. An ga haka a fili a ƙasar Holan a 2020, inda aka kwantar da samari huɗu daga gidaje biyu, 'yan'uwa bibbiyu, masu shekara 21 zuwa 32, waɗanda ba su da wata cuta a da, korona ta kai su har ga na'urar taimakon numfashi, ɗaya ya rasu. Da aka bincika sai aka tarar dukansu TLR7 ɗinsu ba ta aiki yadda ya kamata. A 2020 ɗin ne kuma tawagar Farfesa Jean-Laurent Casanova ta duba jinin mutum 987 da korona ta kai su bakin mutuwa, ta tarar 101 daga cikinsu jikinsu da kansa yana ƙera sinadaran da ke kashe intaferon ɗinsu, kuma 95 daga cikin 101 ɗin maza ne. A Jami'ar Yale ma, Farfesa Akiko Iwasaki da tawagarta sun ga cewa mata masu korona sun fi tayar da ƙwayoyin garkuwa da ake kira T, waɗanda ke farautar ƙwayoyin jikin da bairos ya shiga, kuma a cikin maza wannan martanin yana raguwa yayin da shekaru ke ƙaruwa, abin da ba a gani haka ba a cikin mata.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa mata sun ci riba kyauta. Garkuwar da ke saurin tashi tana saurin wuce gona da iri, shi ya sa kusan kashi 80 cikin ɗari na masu cututtukan da garkuwa ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita mata ne, kuma a cutar lufus ana samun mata tara a kan kowane namiji ɗaya. Mata sun fi kukan zazzaɓi da ciwon hannu bayan allurar rigakafi, kuma sun fi fama da gajiya da sarƙewar numfashin da ke daɗewa watanni bayan korona ta tafi. A infuluwenza ma lamarin yana sauyawa da shekaru: yara maza ƙanana da tsofaffin maza sun fi kwanciya asibiti, amma a wasu annobobi, kamar ta murar aladu ta 2009, mata masu shekarun haihuwa sun sha wuya ƙwarai a wasu ƙasashe, domin wani lokaci kumburin da garkuwar jiki ke haddasawa a huhu ya fi ƙwayar cutar kanta ɓarna. A mura ta yau da kullum kuwa, mai toshe hanci ta wuce cikin mako guda, hujjar cewa maza sun fi jin jiki ba ta yi ƙarfi ba. Magana ta a kan ciwon da ke sauka ƙirji ne.

Akwai macen da duk wannan kariya ke yi wa rauni, ita ce mai juna biyu, kuma ita ce ta fi damuna a cikin wannan batu gaba ɗaya, ganin yawan haihuwa a yankinmu da kuma yawan matan da muke rasawa a dalilin ciki. Idan ciki ya shiga, furojesteron da estrojin suna hauhawa ninki-ba-ninki, garkuwar jiki tana sauya salo domin kada ta ƙi ɗan da ke cikin mahaifa, mahaifar tana turo huhu sama ta rage masa wurin buɗewa, zuciya tana ƙarin aiki, ga kuma buƙatar iskar oksijin da ta ƙaru domin ana numfashin mutum biyu ne. A annobar 2009 masu ciki kusan kashi 1 ne cikin ɗari na mutanen Amurka, amma su ne kusan kashi 5 cikin ɗari na waɗanda suka rasu. Dalilin haka ne a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya masu ciki a sahun farko na waɗanda ya kamata a yi wa rigakafin infuluwenza. Amfanin kuma ba ya tsayawa a kan uwa: gwajin da aka yi a Bangaladesh, aka wallafa a 2008, ya nuna cewa jariran da aka yi wa iyayensu allurar suna cikin ciki sun samu raguwar kamuwa da infuluwenza da kashi 63 cikin ɗari a watanni shida na farko. Idan wani zai ce wannan can nesa ne, to a Bamako ta ƙasar Mali, mai yanayi irin namu na hunturu da ƙura, an yi irin gwajin da mata fiye da 4,000, sakamakon da aka fitar a 2016 ya tabbatar da cewa allurar tana kare jarirai a watanninsu na farko. Amma a gidajenmu, mai ciki wata bakwai da ke tari da haki sau da yawa ana cewa nauyin ciki ne, a haɗa ta da jiƙo, ta ci gaba da hura wutar itace cikin hayaƙi, sai numfashinta ya gagara sannan a nemi mota.

Ya Edita, in ana sara ana duban bakin gatari, domin akwai masu jiran irin wannan bayani su mai da shi hanyar cin kasuwa. Da aka lura cewa testosteron yana ƙara yawan wani sinadari mai suna TMPRSS2 da korona ke amfani da shi wajen kutsawa cikin ƙwayoyin huhu, likitoci sun yi zaton cewa rage testosteron zai ceci maza. An gwada hakan a Suwidin da kuma asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, da magungunan da ake bai wa masu ciwon dajin furostat (wani ƙulli da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), amma gwaje-gwajen biyu ba su nuna amfani ba, a na Suwidin ma waɗanda aka bai wa maganin sun fi daɗewa a asibiti. A ɗaya ɓangaren, binciken da aka yi a birnin St. Louis a 2021 ya nuna cewa mazan da korona ta fi tsananta wa su ne waɗanda testosteron ɗinsu ya yi ƙasa, ga shi kuma ciwo mai tsanani shi kansa yana saukar da sinadarin, don haka da wuya a rarrabe wanne ya jawo wanne. Abin da wannan ke nufi ga mai karatu shi ne babu wata allura ko ƙwaya ta sinadarin jinsi da aka tabbatar tana kare mutum daga cutar numfashi. Masu tallan maganin maza a bayan mota da lasifika, da masu sayar da alluran gina jiki ga samari a wuraren ɗaga ƙarfe, idan suka ce kayansu na ƙara garkuwar jiki, ƙarya suke yi, kuma shan waɗannan abubuwa ba bisa umarnin likita ba yana iya taɓa hanta da zuciya, ya kuma rage wa namiji ƙwayoyin haihuwa.

Akwai kuma wani abin da ya kamata mu yi hattara da shi a alƙalumanmu na gida. A ƙasashen da aka yi gwaji sosai, maza da mata sun kamu da korona kusan daidai, amma a Nijeriya kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka tabbatar maza ne. Ina ganin wani ɓangare na wannan gibi yana nuna waɗanda suka samu damar zuwa wurin gwaji ne kawai. Matar da sai ta jira izinin maigida da kuɗin mota, wadda za ta rasu a ɗakinta a yi mata sutura kafin azahar ba tare da sanarwar rediyo ba, ba ta shiga lissafin kowa. A Indiya ma alƙaluman farkon annobar sun nuna cewa a cikin waɗanda aka tabbatar sun kamu, kason matan da suka rasu ya ɗan ɗara na maza, abin da masana suka danganta da rashin kai mata asibiti da wuri da kuma ƙarancin abinci mai gina jiki. Kariyar da Allah ya sanya a jikin mace tana iya zama banza idan ƙarancin jini, da haihuwa kusa-kusa, da hayaƙin murhu na shekara da shekaru suka riga suka cinye ta.

Saboda haka ina kira ga hukumar NCDC da ma'aikatun lafiya na jihohinmu da su riƙa fitar da alƙaluman cututtukan numfashi a rarrabe, maza daban, mata daban, da shekarunsu, da kuma bayanin ko macen tana da ciki, a kamuwa da kwanciya da mutuwa. Tun 2008 Nijeriya take da tsarin sa ido a kan infuluwenza, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana cikin cibiyoyin da ke tattara samfuri, don haka tushen aikin yana nan. Kusan duk binciken da na ambata an yi shi ne a jikin Turawa da mutanen Asiya, alhali mu muna da zazzaɓin cizon sauro da sikila da tarin fuka da ƙurar hunturu, waɗanda duk suna taɓa garkuwar jiki ko huhu, kuma asibitocin koyarwa na Shika da Sakkwato da Maiduguri suna da ƙwararrun da za su iya duba yadda lamarin yake a jikin mutanenmu idan aka ba su kuɗin bincike. Ina kuma roƙon hukumomi su duba yiwuwar shigar da rigakafin infuluwenza cikin awon ciki, tunda a nan ne ake samun matan a tare.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannun kowane gida. Magidancin da ya haura shekara 50, musamman mai ciwon suga ko hawan jini ko mai shan taba, idan mura ta zo masa da haki, ko ciwon ƙirji, ko ruɗewar tunani, ko zazzaɓin da ya sauka ya sake dawowa da ƙarfi, to a kai shi asibiti a ranar, ko da yana cewa ba komai, kuma uwargida da manyan 'ya'ya su dage masa. Mai ciki kuwa, zazzaɓi da tari kaɗai sun isa dalilin ganin likita, ba sai an jira ranar awo ba, domin maganin infuluwenza irin su Tamiflu, inda ake samunsa, ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48 na farko. Kafso da sauran magungunan kashe bakteriya da ake saya a kemis ba sa kashe bairos, kuma kwanakin da ake ɓatawa ana shan su a gida su ne kwanakin da ciwon ke cin huhu. Ina fatan limamanmu za su faɗi wannan a huɗubar Juma'a idan sanyi ya gabato, gidajen rediyo kuma su ware masa lokaci a shirye-shiryensu na kiwon lafiya, su gayyato likitocin ƙirji da ungozomomi su yi bayani da Hausa.

Na gode da wannan dama da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Zariya.